Gilashin da Ke Makancewa

"Shekara bakwai a Faransa, ka dawo da leda?" in ji Alhaji Mijinyawa. "Ita 'yata za ta ci?"

"Baba, akwai ƙananan ɗigon sinadari a cikinta. In lantarki ya bi ta, sai ta yi garau. In an ɗauke wuta, ta koma fari kamar nono."

"A N'Djamena da wuta ba ta zama? To kullum makauniya ce. Kalas, magana ta ƙare, Ghali! Ka rabu da Khairiyya."

Ban rabu da ita ba. Ita ta lallashe shi na manna ledar a gilashin da ya raba shagonsa na unguwar Chagoua da ɗakin ajiya. Ya yarda ne don a yi mini dariya.

Fabrairun 2008 'yan tawaye suka shigo gari. Da azahar ina shagon, muka tura Khairiyya da mahaifiyarta ɗakin ajiya, muka tare ƙofarsa da kantar kaya. Babu wuta. Gilashin ya saje da farin bango.

Mutum uku suka ɓalle ƙofar shago.

"Ina matan gidan?" babbansu ya tambaya da Larabci.

"Sun gudu Kuseri, sun tsallaka Kamaru," in ji Alhaji.

Gindin bindiga ya sauka a bakinsa. Haƙora biyu suka faɗi ƙasa.

Sai na ji maƙwabcinmu Salihu yana jan igiyar janareta, wai zai kunna talabijin ya ji wa ke riƙe da gari. Daga nan shagon ke shan wuta. Makunnin gilashin kuwa a kunne na bar shi.

Ja na farko, injin ya yi tari. Ja na biyu...

Na yi tsalle na fizge wayar gilashin daga bango. Suka zaci makami na nufa. Harsashi ya farfasa mini gwiwar hannu.

Fanka ta fara juyawa. Gilashin yana nan fari, jinina yana gangarowa a kansa. Suka kwashe atamfofi suka fita.

A asibiti aka yanke hannun. Khairiyya ta riƙe wanda ya rage.

"Habibi... ban ga komai ba sai jan jinin da ya fallatsa! Na ciji hannun Inna don kar na yi ihu."

"Gara da kika cije ta."

Alhaji ya daɗe a bakin ƙofa, leɓensa a ɗinke.

"Ledar nan... da saura?"

"Da saura, Baba."

"Ka sa ta a cikin lefe."