Laifin Gadata Ne

"Ka tattara kayanka kafin ƙarfe huɗu!"

Muryar Yaya ta cika ofishin. Na tashi, na zauna, na sake tashi.

Da Dogo yake. Cajarsa kawai ya zare yana naɗewa.

Kamfanin na Yaya ne. Dogo ya rubuta mana laburare, wato kundin umarnin kwamfuta mai sarrafa hotuna, da yaren kwamfuta na C, ni kuma na gina gadar da manhajarmu mai yaren Python ke bi ta kira shi. Wata shida muna kan gadar nan, har na daina gane ko allo nake kallo ko yatsunsa. Da ya furta yana sona da aure, Yaya ya ce sai ya ga kamun ludayinsa a aiki tukuna.

To yau, a gaban baƙin da suka zo ganin manhajar, ta mutu murus. Sunan laburaren Dogo ne ya fito ɓaro-ɓaro a allo.

"Ai na faɗa, C ɗinsa ne," in ji Mai-gwaji, wadda ke gwada mana manhaja, tana gyara gilashi. Tun ranar da ta gane ba ita Dogo ke kallo ba take jiran wannan rana.

Na koma kwamfutata. Na buɗe fayil, na rufe, na sake buɗewa...

Sai na gani!

Na miƙa wa laburaren hoto, ban rubuta layin umarnin da zai riƙe shi ba. Python ta ɗauka shara ce, ta share shi daga ma'ajiyar kwamfuta. C ya zo karantawa ya tarar wayam. A ɗakinsa aka faɗi, amma ni na janye tabarmar.

A bakin matakala na tare Dogo.

"Ka sani?"

"Tun da manhajar ta mutu."

"Shi ne ka yi shiru?!"

"Zuciyata, in an kore ni wani ofishin zan nema. Ke kuwa gida ɗaya kuke kwana da Yayanki."

"In ka fita da wannan laifin, ba zai taɓa ba ka ni ba!"

Ya kau da kai.

Wallahi tsoron Yaya nake tun ina ƙarama. Amma na kama hannun rigar Dogo na ja shi har gaban teburin Yaya.

"Yaya, ni ce... gadata ce. Duba nan."

Ya karanta. Ya sake karantawa. Mai-gwaji ta sulale, wai za ta sha ruwa.

"Kai, ka san haka?"

"Na sani, Oga."

"Ka bar ni na zage ka a gaban mutane?"

"Gara ni da ita."

Yaya ya jingina da kujera.

"Injiniyan da ke ɓoye kuskure ba ya yi mini aiki, ko na wane ne. Korarka tana nan."

Hawaye suka ɓalle mini.

"Yaya, don Allah..."

"Ke, rufe mini baki, ki je ki gyara layinki!" Ya juya ga Dogo, ko murmushi babu. "Kai kuma ka turo manyanka ranar Asabar. A ofis ba na buƙatar irinka. A gida kuwa irinka nake nema mata."