Dagin da Umma Ta Ƙi Ƙullewa

Nas tana durƙushe gaban akwati tana ninke wani farin ƙyalle, sai ga surukarta Umma ta yi sallama, Yaya Babba, yayar mijinta, a bayanta, fuskokin nan kamar an aiko musu da saƙon mutuwa.

Ƙyallen nan fa ba na banza ba ne. A gidan su mijinta, duk ɗan da ya yi aure Umma ce ke ɗinka masa adon dagi a kan ƙyalle da hannunta, zare guda yana bi sama yana bi ƙasa har ya koma inda ya faro. Amma ƙullin ƙarshe ba ta yinsa sai ranar da zuciyarta ta karɓi matar. Matan yayyensa duk an ƙulle nasu tun kafin su shekara. Na Nas kuwa, shekara huɗu zare na lilo da allura a jiki! Laifinta? Auta ta aura, ga shi ta samu aiki a wani asibiti a ƙasar waje, shi kuma ya ce zai bi ta.

"Ajiye wannan!" in ji Yaya Babba. "Dagin gidanmu ba ya bin mace ƙetare."

"Ki yi haƙuri Yaya, wannan kam ƙafata ƙafarsa."

Auta ya fito daga ɗaki da fasfo a hannu, ya durƙusa. "Umma, biza ta fito, taksi na hanya. Albarkarki kaɗai muke jira."

"Je ka nema wajen wadda ta shanye ka."

"Ba wadda ta shanye ni, Umma. Ni na gani na ce ina so, kuma har gobe ina so."

Umma ta ja tsaki, ta dubi Nas. "Ɗauki mana. Kafin jirgi ya sauka ya warware, auren ma haka."

Wannan magana ta ƙona wa Nas rai. Ita ce mai auna wa matar nan jini, ita ce mai kwana da ita a asibiti, ko sannu ba ta taɓa samu ba. Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu.

"Umma, ni in na kalli dagin nan, mu nake gani. Yau shi ne a sama ni a ƙasa, gobe ni a sama shi a ƙasa, amma zaren ɗaya ne. Tunda ba za ki ƙulle ba, ni zan ƙulle abina!"

Ta zaro allura ta soka. To, hannun da ya saba ɗinke rauni ina ya san dagi? Inda ake bi ƙasa, ta bi sama. Umma ta kau da kai, ta waiwayo, ta sake kau da kai. Ina! Ta kasa daurewa.

"Ke! Ƙasa ake bi! Ƙafar mutum kike ɗinkewa ne? Kawo nan, za ki ɓata min aiki!"

Ta fizge ƙyallen. Yatsun da suka shekara arba'in suna ɗinkin dagi suka yi abin da suka saba: ƙasa, sama, ƙulli, ta datse zare da haƙori.

"Umma!" Yaya Babba ta dafe ƙirji. "Kin ƙulle fa!"

Nas ta buɗe jakar aikinta, ta durƙusa ta miƙa almakashi da hannu biyu.

"Ga shi, Umma. In kuskure ne ki yanke. Ba na son albarkar da ba a yi niyya ba."

Umma ta kalli almakashin. Sai ta ture shi, ta jawo Nas jikinta ta fashe da kuka.

"Ja'irar yarinya mai taurin kai! Hannuna ya riga bakina ne kawai. Ki riƙe min Auta amana. Allah ya yi muku albarka."

Mai haƙuri da iyayen miji ba wawiya ba ce, jama'a. Ku girmama su, ku kuma tsaya kan gaskiyarku. Albarkar da aka jira shekara huɗu, ita ce ta fi nauyi a cikin akwatin nan.