Ramin da Gumsu Ta Haƙa

Kullum da hantsi Gumsu sai ta jawo mijinta Ya'u a kan tabarma zuwa bayan rumbu, ta zura ƙafafunsa a rami, ta mayar da rairayi har ƙugu, kamar yadda ake yi wa yaron da ya ƙi tafiya. Tun shekarar da sanƙarau ya shigo Azare suke cikin wannan hali. Ciwon ya ɗauke musu ɗansu ɗaya tilo, ya kayar da Ya'u. Ƙwayoyin malaman asibiti sun ceci ransa, amma ƙafafu sun mutu murus, kunnen hagu ya toshe. Mutumin da ke kora shanu har Udubo a ƙasa, yau ko ƙaya ka soka masa bai sani ba.

Ya tsani ramin nan, ya tsani ransa. "Da kin ƙara masa zurfi kin rufe ni gaba ɗaya, kowa ya huta," in ji shi.

"Allah ya shirye ka, Malam," ta ce, tana danna rairayi da tafin hannu.

A haka Bappanta ya same su ranar da ya iso daga Katagum, da jakin da zai ɗora wa kayanta. Shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta. Ya dubi hannuwanta da daka ya farfasa, ya dubi surukinsa a binne, idonsa ya ciko.

"Ya'u, ba ƙinka nake yi ba. Yarinyar nan ita ce noma, ita ce daka, ita ce ɗaukar ka. Ta binne ɗa, yanzu kullum tana binne miji. Ka sauwaƙe mata, kada ka sa in je gaban alƙali."

Maganar ta soki Ya'u, don gaskiya ce. Yana son Gumsu kamar ransa, kuma son ne ya sa ya amsa. "Na ji, Bappa. Amma ba na saki mace ina cikin rami kamar rogo ba. Gumsu, tone ni."

Ta ɗauki fartanya, ta cilla ta kan rumbu. "Wanda zai sake ni ya fito da ƙafarsa."

"Ke, Bappanki kike yi wa rashin kunya?"

"Ka gafarce ni, Bappa. Da yana da ƙafa kuka ba ni shi. Ba ku ce mini ƙafar na aura ba."

Takaici ya turnuƙe Ya'u. Ya dafa ƙasa yana kiciniyar fita, hawaye na zuba. Can sai ya daskare.

"Wayyo, wani abu ya cije ni."

"A ina?" Gumsu ta matso kusa da shi.

"A ƙauri... ƙaurin dama. Zafi kamar wuta!"

Bappa da kansa ya durƙusa yana tonon rairayi da hannu, babbar rigarsa na jan ƙasa. Ga cinnaka nan maƙale da fata. Da ma an ce bai san na gida ba. Gumsu za ta murƙushe shi, Ya'u ya riƙe hannunta.

"Bar shi ya ƙara. Alhamdu lillahi, ina jin zafi. Gumsu, ina jin zafi."

Ranar jakin Bappa ya koma Katagum ba kaya.

Sai da damina ta wuce kafin Ya'u ya taka, da sanda, yana jan ƙafar hagu. Kunnen bai buɗe ba, ɗansu bai dawo ba, kiwon shanu kuma sai labari. Amma ko tuntuɓe ya yi sai ya gode wa Allah, ya waiwaya ya yi wa matarsa addu'a.

To, yara, lafiya ba a san daɗinta sai ta kuɓuce, har zafin cizo ni'ima ne. Wanda kuma Allah ya ba shi mai haƙuri da shi a ranar da shi kansa ya gaji da kansa, ya riƙe ta hannu bibbiyu.