Hanyar Kan Tudun Alli

Ranar da Bryony Elphick ta fara ganin Rufus Pennicott, yana durƙushe ne a bakin shingen gonar babanta yana gyaran wata ƙofar katako, takalmansa sun yi fari fat da alli. Fitowarta ke nan daga cocin Harlingdean, inda take cikin masu kaɗa ƙararrawa kowace Lahadi.

"Wa ya ba ka izinin taɓa mana ƙofa?" ta tambaya.

Ya ɗago ya dube ta. A bayanta tudu ya miƙe kore shar har ya haɗe da sama, farar hanya ta ratsa shi.

"Ni ne sabon mai kula da hanyoyin ƙafa na yankin nan. Da ke aka kaɗa ƙararrawar ɗazu? Tun daga can sama na ji, sai da na tsaya cak."

"Da ni. Har kuskure na yi sau biyu."

"Ban lura ba."

"Ai da ma ba za ka lura ba," ta ce, tana ɓoye murmushi.

Tun daga nan, kowace Lahadi sai gyara ya taso wa Rufus a kusa da cocin. In ta fito su hau tudun tare, ta nuna masa inda tsuntsaye ke ƙwai a cikin ciyawa, shi kuma ya fasa mata dunƙulen alli ta ga ƙwaryar wata halittar teku a ciki.

"Nan duk ƙasan teku ne a da," ya ce.

Ta riƙe abin a tafin hannunta, ta dubi faɗin ƙasar da ke ƙarƙashinsu.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta: "'Yar ƙararrawata, na isa gida amma zuciyata ta ƙi saukowa daga tudun."

Ta amsa: "Mai farin takalmi, bar ta can. Zan duba maka ita da safe in na kai tumaki."

Sai dai babanta, Aubrey Elphick, ba ya ƙaunar jin zancen baƙi masu yawon ƙafa don shaƙatawa. Shekara uku da suka wuce wani daga cikinsu ya bar ƙofa a buɗe, karensa ya kashe masa tumaki tara masu ciki.

"Mutumin da aikinsa turo mini baƙi cikin gona? Ba a gidan nan ba," ya ce da ya ji labarin Rufus.

Ana cikin haka wasiƙa ta zo cewa za a sake buɗe tsohuwar hanyar da ta ratsa filin da tumakinsa ke haihuwa. A ƙasa ga sa hannun Rufus. Baban ya ajiye mata ita kusa da kofin shayinta.

Ta rubuta wa Rufus: "Ashe hanya kake nema, ba ni ba. Kada ka sake jirana a bakin coci."

Amsa ta zo: "Aiki ne ya sa ni sa hannu, kuma na yi laifi da ban gaya miki ba. Ba ni sati biyu, masoyiyata."

Ba ta amsa ba. Lahadi biyu tana jan igiyar ƙararrawa da hawaye.

Shi kuwa Rufus ya tare a ɗakin ajiyar coci, yana bin tsofaffin takardu da izinin Fasto, har ya samo taswirar da ta haura shekara ɗari biyu. Da sassafe ya ƙwanƙwasa ƙofar gonar, Aubrey ya buɗe.

"Baba, awa ɗaya nake roƙo. In ba ka gamsu ba, ba za ka ƙara ganina ba."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya ɗauki sandarsa. Bryony ta bi su a baya.

Rufus ya bi da su ta cikin ƙaya har ƙololuwar tudun, ya share ciyawa da ƙafa, sai ga farin alli a daddaɓe.

"Ga asalin hanyar. Ta saman nan take bi, ba ta taɓa filinka. Na kai taswirar ofis, sun yarda."

Rana ta ɓullo a daidai lokacin. Hazo ya cika kwarin fari sol, ba abin da ake gani sai kan hasumiyar coci, can nesa kuma teku na ƙyalli. Aubrey ya cire hularsa a hankali.

"Shekara sittin ina ƙarƙashin tudun nan," ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "ban taɓa ganin haka ba."

Bryony ta matso ta kama hannun Rufus. "Ka yafe mini."

"Ni ya kamata in roƙa."

"Ku gama roƙon a hanya," in ji tsohon, "tumaki na jira. Kai kuma yaro, ka iya riƙe tunkiya?"

"Zan koya, Baba."

A watan Yuni aka ɗaura aurensu a cocin. Makiyaya suka cika gefe ɗaya, masu yawon ƙafa suka cika ɗayan, har da masu tsayuwa a waje. Da Aubrey ya kawo 'yarsa gaban Fasto, ya ɗora hannunta a kan na Rufus, ya jima bai saki ba.

"Ita kaɗai gare ni," ya ce. "Allah Ya yi muku albarka, Ya tsufar da ku tare."

Duk cocin ya amsa da amin.