Gurasar da Ke Jikin Ƙusa

Ƙaras... ƙaras... ƙaras...

Nafosat ta buɗe ido cikin duhu. Ba kukan gado ba ne. Gadajen ƙarfen nan huɗu ta san muryar kowanne, na bakin taga ma yakan yi nishi shi kaɗai ko babu kowa a kansa. Ba kuma bututun ɗumama ɗaki ba ne, shi tari yake yi irin na tsofaffi. Wannan ƙarar daga bango take fitowa, daidai saman kanta.

Ta kunna fitila.

"Wayyo Allahna!"

Ɓera ya diro ta kan kabad ya shige bayan durowa. A jikin ƙusa kuwa gurasar saurayinta Elyor tana lilo, an cinye mata gefe guda.

Gefen da Elyor ya ciza.

Babu wanda za ta tasa. Hutun sanyi ne, 'yan ɗakin sun tafi gida, ita kuwa ƙauyensu yana can cikin duwatsun Boysun, ƙanƙara ta rufe hanya. Ta rungume gurasar, ta zauna a ƙasa har gari ya waye.

Ranar da Elyor ya ajiye karatu zai tafi Rasha aikin gini, a gindin matakala ya tare ta da gurasa mai zafi. Ya gatsa, ya miƙa mata sauran.

"Yaya Elyor, ai a gidanku ake rataye wannan. Mahaifiyarka fa?"

"Inda mutum zai dawo, nan ake ratayewa, hasken idona."

"Kai dai ba ka da kunya!"

"Da kunyar zan samo mana ɗakin ƙasa?"

Ɗakin ƙasa! A gidan kwanan ɗaliban nan na Samarkand, hawa na ƙasa na ma'aurata ne. Gadon katako mai faɗi wanda ba ya kuka, murhu naka na kanka, ƙofar da ba kowa ke da makullinta ba. Duk sanda suka wuce sai sun rage tafiya sun leƙa.

Kowa kuma ya san matafiyi rabonsa yake bari a jikin gurasar da ya ciza, rabon ne ke jawo shi gida ya ƙarasa cinye ta. In gurasar ta lalace kafin ya dawo... ba a ƙarasa wannan maganar.

Da safe Nafosat ta naɗe ragowar a ɗankwali ta ɓoye a durowa. Ta je kasuwa ta zaɓo wata mai irin zanen, ta rufe ido, ta gatsa da kanta. Ta busar da ita a kan bututu ta rataye, don kada a ga ƙusa babu komai a fara tambaya.

Zebo ce ta fara dawowa daga hutu. 'Yar birni ce, gadonta kaɗai ke da darduma a bango, gidansu kuma katanga ɗaya da gidan su Elyor. Tun suna yara take yi masa kallon nata.

Ta tsaya ta ɗaga kai.

"Ikon Allah! Gurasar nan har ƙiba ta yi a hutu."

"Idonki ne, Zebo."

"Ƙila kuwa, ƙawata. Ƙila."

Ba a rufa mako ba sai ga Inna Dilorom, mahaifiyar Elyor, ta hawo bene tana haki. Bayanta Inna Muhabbat ce mai kula da gidan, da tarin makullanta.

"Ke ce 'yar dutsen?"

"Sannu da zuwa, Inna. Ga wuri..."

"Ban zo zama ba. An ce rabon ɗana yana nan a bangon baƙi, ni uwarsa ina zaune da ƙusa babu komai."

Ta sauke gurasar da hannu biyu, ta sumbace ta, ta kai ta goshi. Sai ta juya ta wajen haske. Ta daɗe tana kallo.

"Ni na haifi Elyor. Wushirya gare shi, ko tuffa ya ciza sai ya bar layi a tsakiya." Ta ɗago. "Wannan bakin wane ne?"

"Ni dai ban ce komai ba, Inna," in ji Zebo tana gyara matashi. "Amma duk hutun nan ita kaɗai ce a benen. Wa ya san mai hawa da mai sauka?"

Nafosat ta buɗe baki.

Sai idonta ya sauka a fuskar matar. Wannan uwa ce da ba ta yi barcin kirki ba tun tafiyar ɗanta. Yanzu a ce mata ɓera ya cinye rabonsa, alhali yana can saman gini cikin iska da ƙanƙara?

Ta rufe bakinta.

"Yi magana mana, 'yata!" in ji Inna Muhabbat.

Nafosat ta kawar da kai.

Inna Dilorom ta ajiye gurasar a kan tebur a hankali, ta fita ba sallama.

Daga ranar wayar Elyor ta ɗauke. Ta kira, ba a ɗauka. Ta sake kira, a kashe. Zebo ta koma kwana a gida, sauran biyun suka nemi canjin ɗaki. Aka naɗe katifu uku, ragar ƙarfe ta fito fili. Nafosat takan dafa shayi ta sha tana kallonsu, wani lokacin har ta ce musu sannunku.

Sai da zafi ya shigo aka ƙwanƙwasa mata ƙofa da rana tsaka.

"Baƙo gare ki," in ji Inna Muhabbat. "A bar ƙofa a buɗe, ina nan ina jin ku."

Elyor ne. Ya rame, ya yi duhu. Ya ja kujerar katako mai ƙafa ɗaya gajera ya zauna, bai kalle ta ba.

"Tambaya ɗaya ta kawo ni. Wa ya ciza?"

Ta buɗe durowa, ta warware ɗankwali a gabansa.

"Wannan ce taka. Ɓera ya ci."

"Waccan kuma?"

"Ni."

Ya dubi gurasar, ya dubi bakinta da ƙananan haƙoranta a jere. Dariya ta kuɓuce masa, kafin ta kai ƙarshe ta koma kuka.

"Nafosat! Me ya hana ki faɗa?"

"In ce wa uwa rabon ɗanta ya ƙare?"

"To ni fa? Ni fa, raina?"

"Ka ɗauki wayata?"

Ya sunkuyar da kai. Kujerar ta karkata da shi.

"Shekaranjiya aka karya gurasar baikona da Zebo a gidansu," ya ce da ƙyar. "A gaban dattawan unguwa. Babana ya ci, nata ya ci, an raba wa maƙwabta."

"Allah ya sa alheri."

"Kar ki ce haka! Zan je in faɗa musu... zan ce..."

"Ka ce me, Yaya Elyor? Su amayar?"

Ta zuba shayi mai zafi a kwano, ta gutsura ragowar gurasarsa da ta bushe kamar dutse, ta jiƙa, ta tura masa.

"Ci. Taka ce. Ka dawo da ƙafarka, abin da na roƙa ke nan."

Ya ci yana hawaye, bai bar ko ɓarɓashi ba.

Da aka koma karatu aka raba ɗakuna. Ɗakin ƙasa ya faɗa wa ango da amarya. Ranar da ake shigar da akwatin Zebo da tulin barguna masu sheƙi, Nafosat ta roƙi ɗan ɗakin can ƙarshen hawa na sama, wanda dā ake tara tsofaffin katifu a ciki. Babu mai son sa. Gado ɗaya, durowa ɗaya, kujera ɗaya.

Ta kai kayanta, sannan ta koma tsohon ɗakin ta ɗauko kujerar da Elyor ya zauna a kai. Inna Muhabbat, wadda ko ƙusa ba ta bari a fitar daga ɗaki zuwa ɗaki, ta juya baya tana laluben wani makulli da ke hannunta.

Wata sabuwar ɗaliba ta leƙo daga ƙofar da ke kallon ta Nafosat, da buta a hannu. Ta bi ta da ido har ta shige.

"Inna, ba ɗakin mutum ɗaya ba ne wancan? To kujera ta biyun ta wace ce?"

Daga ƙasa aka rangaɗa guɗa.