Saƙon da Na Sa Aka Karanta a Ƙofar Masallaci

A bakin gonata ta auduga, kusa da garin Hajj Abdalla, Hashim ya fara ganin 'yata Juwairiyya. Ita ta kawo mini gahawa, shi kuma ma'aikacin asibiti ne, yana zagayen awon jinin tsofaffi. Kallonta ya yi ta yi, har ya ɗaura mini abin awon a baibai.

Na fizge hannuna. Ni Gado! Ambaliya ta cinye gidana sau biyu, maciji ya sare ni na tashi, ban taɓa haɗiyar ƙwayar likita ba. Duk gari an sani, don kullum sai na faɗa.

Bayan mako ya kawo mini baƙin agogo, ya nemi aurenta. Na karɓi agogon, na hana shi yarinyar. Jibril mai tarakta nake so ta aura.

Sai na lura kowace safiya tana kama hannuna wai duba lokaci, ta koma tana latsa waya. Bayan watanni, wata ran Juma'a na ɗauke wayar. Da yake ban iya karatu ba, na miƙa wa Malam Mahmud a ƙofar masallaci.

"Karanta da ƙarfi, a ji abin da yaron nan ke rubuta wa 'yar mutane!"

"Gado, mu koma gefe."

"A nan!"

Ya karanta saƙon Hashim da amsarta.

"Hasken idona, me agogon ya nuna yau?"

"Zuciyarsa tana gudu, habibi, ɗari da ashirin. Tsoro nake ji."

"Kada ki yi kuka. Ci gaba da sa masa ƙwayar a kunu. Kada kowa ya ji, Baba yana son girmansa. Ko bai ba ni ke ba, ina so ya rayu."

Sai Almu, abokin wasana, ya ce, "Ya Hajj, wata nawa kana shan kunun nan?"

"Biyar," in ji Malam, idonsa a kan waya.

Ta bayan gari na koma gida. Juwairiyya ta durƙusa. "Baba, ka yafe mini."

Na kasa kallonta. Na ce, "Ina ƙwayar? Ba ni a hannu. Kuma ki rubuta masa ya turo manyansa."

Bayan cirar auduga aka ɗaura aure. Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuri'a mai tausayi irin nasu. Har yau in Almu ya ce "kunu" sai in sunkuyar da kai. Amma daga nan har Sinnar, a nuna mini mai suruki kamar nawa!