Sai Mai Kofi Ya Gama

Ta dire kujerar ƙarshe da ƙarfi har ƙafarta ta yi ƙara a kan siminti. Malama, kamar yadda ake kiranta a wurin aiki, ta tsaya a tsakiyar da'irar kujerun tana huci. Sana'arta ce ta tara shugabannin ma'aikata ta koya musu tafiyar da mutane, kuma ta sha zama da masu taurin kai ba ta taɓa jin ɗar ba. Amma yau wanda za ta koya wa sauraro shi ne manajan wannan maɗaba'a, mutumin da zobensa ke kwance a ƙasan jakarta.

Ya leƙo ƙofa, ya yi ƙasa da murya.

"Zuciyata, ki ba ni minti ɗaya..."

"A ɗakin nan Malama nake."

Laifinsa ba ƙarami ba ne. Waya ya ɗauka ya kira shugabarta, ba da saninta ba, ya ce da an ɗaura aure za ta ajiye aiki. A bakin shugabar ta ji, ana taya ta murna ana tambayar wa za ta bar wa teburinta. Da ta tuhume shi sai ya ce ai don ta huta ne, kuma Yayarsa ta tayar da hankalin gida, wai ba za a kawo musu matar da ke bin kamfanoni tana gyara wa maza zama ba. Kafin ta kai ƙarshen magana ɗaya ya jero amsa uku. Halinsa ke nan. Ko auren ma bai tambaye ta ba, sanar da ita ya yi kamar mai karanta labarai, so ya rufe mata ido ta yi dariya. Wannan karon zare zoben ta yi.

Zuwanta nan ma da hannun wata a ciki. Mai maɗaba'ar ya gaji da ma'aikatan da ke guduwa, ya ce a nemo mai horo, sai mataimakiyar manaja ta yi wuf ta ba da sunanta. Ita ce mai kai wa manajan shayi da hannunta alhali akwai masinja, kuma bangon ofishinta ba kauri gare shi ba, ta ji faɗan da aka yi a waya. Malama ba yarinya ba ce, ta san so ake su yi kaca-kaca a bainar jama'a.

Suka zauna: mai zane, shugaban direbobi, dattijon da ke kula da sito, mataimakiya, da shi. Malama ta ɗaga wani kofin roba shuɗi ta faɗi ƙa'ida. Mai riƙe da kofi shi kaɗai ke magana. Wanda aka yi wa maganar kuwa sai ya maimaita abin da ya ji, har mai kofi ya ce haka ne, kafin ya buɗe baki ya kare kansa.

Mataimakiya ce ta fara karɓa. Ta karya murya ta ce ita dai ba ta taɓa ganin aibun manaja ba, sannan ta miƙo kofin da murmushi.

"Malama, ke ya kamata ki faɗa mana. Ai kin fi kowa saninsa."

Maganganu suka taso mata har wuya, kuma Allah ya sani tana son ta zazzage su a kansa ya ji yadda ake ji. Ta dubi kofin, ta dube shi ya sunkuyar da kai. Sai ta karɓa ta wuce da shi gaban dattijon sito, ta ce ita ba ma'aikaciyar gidan nan ba ce, nata maganganun suna da wurin faɗa.

Dattijon ya jujjuya kofin a hannunsa. Ya ce tun yana saurayi yake kan injin buga takardu, wata safiya ya zo ya tarar an mayar da shi sito.

"Baba, ai saboda ciwon bayanka na..." in ji manaja.

"Kofi ba ya hannunka," in ji Malama, ba ta ko dube shi ba.

Dattijon ya gama, aka ce manaja ya maimaita. Ya ce Baba yana nufin ba ya son sito. Dattijo ya girgiza kai. Ya ce to, Baba yana so a mayar da shi kan inji. Nan ma aka girgiza kai. Gumi ya fara tsatstsafo masa, shugaban direbobi yana danne dariya.

"Ɗana, bayan nan da gaske yana ciwo," in ji dattijon. "Da ka tambaye ni, wataƙila ni zan ce a kai ni sito. Amma ka ɗauke ni kamar kwali ka ajiye. Ka yi mini alheri, ka hana ni bakina."

Manaja ya sake gwadawa. Da ya maimaita, muryarsa ta dushe, kuma ba dattijon yake kallo ba. Aka ce masa haka ne. Malama ta tattara kayanta ta fita ranta na tafasa, har ta manta kofin. Abin da ya fi ƙona ta shi ne sai da wani ya faɗa sannan ya ji.

Da yamma tana falo ta ji sallamarsa. Umma ta amsa, ta dubi fuskar autarta, ta tuna tana da aiki a kicin. Ya zauna a kujerar nesa, ya ciro kofin shuɗin ya ajiye a gabanta, ya naɗe hannuwa.

Ta ɗauka. Ta faɗa masa irin kunyar da ta sha a gaban shugabarta, da shekarun da ta yi tana gina sunanta, da yadda ya bar Yayarsa ta yanke mata rayuwa alhali ko gaisawa ba su cika yi ba. Ta faɗa tana kuka tana faɗa. Leɓensa ya motsa, ya cije shi.

"Kin ce aikinki naki ne," in ji shi a hankali, "kuma rayuwarki ma taki ce. Na yanke ban tambaye ki ba."

"Haka ne."

Ya sauke numfashi. "Yayata, ni zan ji da ita. Gobe kuma da sassafe zan kira shugabarki in ce..."

Kallo ɗaya ta yi masa. Ya tsaya, ya dafe goshi.

"Ke za ki kira. In kin ga dama."

Fushin bai tafi duka ba, amma ya sassauta. Ta buɗe jaka ta lalubo zoben, ta jefa shi cikin kofin ya yi ƙwal, ta tura masa.

"Yanzu kai ke da magana. Akwai abin da ba ka taɓa tambayata ba."

Ya dubi zoben, ya dube ta. Mutumin da ba ya rasa amsa sai ga shi yana in'ina.

"Za ki... za ki aure ni?"

Ta jingina da kujera ta goge ido, ta bar shi yana jira har ya fara gyara zama. Daga kicin aka ji Umma ta daina motsa cokali.

"Ban ji sosai ba," in ji ta, tana miƙa masa yatsanta. "Maimaita."